Saurin Hucewa da Halin Ƙarfe

Daga Sashen Kimiyya

Duk wanda ya taɓa sayen sabon bokitin ƙarfe, ko ya tsaya kusa da sabon kwanon rufi kafin a ɗora shi, ya ga wani zane a jikinsa mai kama da ganyaye, wani wuri yana ƙyalli, wani wuri dishi-dishi. Mutane da yawa sukan ɗauka ado ne masu kamfani suka yi. Ba ado ba ne. An tsoma kwanon ne cikin narkakkiyar tutiya domin kada ya yi tsatsa. Da aka fid da shi sai tutiyar ta daskare, kowane ganye da muke gani kuwa tsabar tutiya ce guda ɗaya, wadda ta tsiro daga wuri guda ta yi ta yaɗuwa har ta ci karo da maƙwabciyarta.

Haka kusan kowane ƙarfe yake a ciki, tun daga allurar ɗinki har zuwa ƙararrawar da ke tashe mu da asuba. Bambancin kaɗai shi ne, a yawancin ƙarafa tsabar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ido ba ya ganinta. Abin da muke so mu nuna a wannan darasi shi ne, girman tsabar nan da siffarta da abin da ta ƙunsa duk sun rataya a kan lokacin da aka ba narkakken ƙarfe ya daskare. Maƙera biyu suna iya ɗiba daga narki ɗaya, wannan ya bar nasa ya huce a hankali, wancan ya sanyaya nasa farat ɗaya, su tashi da ƙarafa biyu masu hali dabam kamar ba tukunya ɗaya suka fito ba.

Abin da ke cikin ƙarfe

Kamar yadda 'yan ajin farko ma suka sani, kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Idan aka jera na baƙin ƙarfe kafaɗa da kafaɗa, sai an sami wajen miliyan 4 kafin su cika milimita ɗaya. Sa'ad da ƙarfe yake narke, ƙwayoyin nan suna ta kai da kawowa kamar ɗalibai a lokacin tara. Sa'ad da ya daskare kuwa sai su tsaya sahu-sahu, kamar yadda mukan tsaya a taron safe. Duk yankin da sahunsa ya fuskanci gefe ɗaya, shi muke kira tsaba ɗaya. Inda sahun wata tsaba ya gamu da na wata mai duban wani gefe, nan ce iyakarsu.

Wani mutumin Shefil ta ƙasar Ingila, Henry Sorby, yana cikin waɗanda suka fara ganin wannan da idonsu. A tsakanin 1863 da 1864 ya goge guntayen ƙarfe har suka yi sumul, ya shafa musu ruwan asid kaɗan, ya duba su da madubin ƙara girman abu. Asid ya fi cin iyakoki, saboda haka sai tsabar ta fito fili kamar gonaki a idon wanda ke kan dutse. Har yanzu hanyarsa ake bi.

Sai kuma mu tuna cewa da wuya a yi aiki da zallan ƙarfe. Kusan duk abin da muke riƙewa gami ne. Tagulla jan ƙarfe ce da aka gama da kuza ko tutiya. Ƙarfen adda da na fartanya baƙin ƙarfe ne da ɗan kabon a ciki. A gami ne labarin hucewa ya fi daɗi, gama ƙwayoyin zarra iri biyu ko uku ne suke neman wurin tsayawa a sahu ɗaya.

Yadda narki yake daskarewa

A littafi mukan karanta cewa alminiyam yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe a 1085, baƙin ƙarfe a 1538. Wannan gaskiya ne, amma narki ba ya daskarewa nan take don kawai zafinsa ya sauko wannan ma'auni. Sai an sami iri tukuna, watau wasu 'yan ƙwayoyi da suka haɗu suka kafa sahu na fari, sa'an nan sauran su zo su bi baya. Yawanci irin yakan kama a jikin mazubi ko a kan wani ɗan datti da ke cikin narkin. In babu irin wannan wurin kamawa, narki yakan yi taurin kai. A 1950 wani masani Ba'amurke, David Turnbull, ya nuna cewa ƙananan ɗigon jan ƙarfe masu tsabta suna iya saukowa fiye da digiri 200 ƙasa da ma'aunin daskarewarsu, suna nan ruwa.

To, ga inda sauri ya shigo. Idan zafi yana fita a hankali, iri kaɗan ne ke kamawa, kowane kuma ya sami sarari ya yaɗu, sai a sami manyan tsaba. Idan aka zare zafin da sauri, narkin yakan faɗa can ƙasa da ma'auninsa kafin ya farga, iri ya kama ko'ina a lokaci ɗaya. Kamar daji ne da mutum biyar suka shiga sara, kowa ya sami ƙatuwar gona. In mutum dubu ne suka shiga rana ɗaya, kowa ɗan fegi zai samu, iyakoki kuma su yi yawa.

Allah ya riga ya ajiye mana wannan darasi a duwatsu. Duwatsun da suka kewaye Jos, da Kufena ta Zariya, narki ne da ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa cikin dubban shekaru, shi ya sa in muka fasa su muke ganin tsabarsu fari da ja da baƙi da ido kawai. Baƙin dutsen da aman wuta ya zubar a sarari, irin na wajen Panyam da na Biu, ya huce da sauri, tsabarsa sai da madubi. A wasu ƙasashe akwai wanda ya huce da sauri har bai yi tsaba ba sam, ya zama baƙin gilashi. Ku riƙe wannan na uku, za mu komo kansa.

Tsabar ƙarfe ba ta girma kamar ƙwallo. Takan miƙa kara, karan ya fid da rassa, rassan su fid da 'yan rassa, kamar bishiya. Ganyen nan na jikin bokiti ke nan. A gami kuwa, bishiyar tana da zaɓe. Ƙarfen da ya fi yawa shi ke fara kafa sahu, yana karɓar baƙin ƙwayoyi daidai gwargwadon da zai iya, yana ture saura zuwa cikin ruwan da ya rage. Ruwan da ke maƙale a tsakanin rassa shi ke daskarewa a ƙarshe, can ne kuma duk abin da aka ture yake taruwa. Saboda haka ƙarfen zubi ba ɗaya yake ba a ko'ina. Tsakiyar reshe dabam, tsakanin rassa dabam, sau da yawa kuma ta tsakanin rassan nan tsagewa take bi.

Masana sun auna tazarar da ke tsakanin rassa a gami iri iri, sun tarar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: in aka ninka saurin hucewa sau 1,000, tazarar takan ragu kusan sau 10. A nan muna bukatar ƙaramin ma'auni, maikuromita, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai ɗaya wajen maikuromita 70 ne. Gamin alminiyam da ke hucewa digiri ɗaya a sakan yakan yi rassa masu tazarar wajen maikuromita 50. In ya huce digiri 1,000 a sakan, tazarar ta komo wajen 5. In ya kai digiri miliyan ɗaya a sakan, ba ta wuce rabin maikuromita ba.

Me ya sa muka damu da ƙanƙantar tsaba? Domin ƙarfe yana lanƙwasa ne ta wurin zamewar sahu a kan sahu, iyakar tsaba kuwa takan tare wannan zamewa. Yawan iyakoki, yawan shinge. Masana biyu a Ingila, Hall a 1951 da Petch a 1953, su suka fid da lissafin: in aka rage girman tsaba sau huɗu, ƙarfin da iyakoki ke ƙarawa yakan ninka biyu. Yawancin dabarun ƙara wa ƙarfe tauri sukan sa shi saurin karyewa, amma ƙanƙanta tsaba tana cikin 'yan kaɗan da ke ƙara ƙarfi ba tare da wannan hasara ba.

Daga mazubin ƙasa zuwa bakin garma

Zubi a cikin ƙasa tsohuwar sana'a ce. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a sura 7 ta littafin Sarakuna na fari an ba da labarin kayan tagulla na Haikalin Sulemanu, waɗanda aka yi zubinsu cikin yumɓu a kwarin Urdun, har da babbar kwatarniya mai kaurin tafin hannu. Abu mai wannan kauri, a cikin ƙasar da ba ta jan zafi, ba zai daskare cikin gaggawa ba, tsabarsa kuwa manya ne.

Masu zubin tukwanen alminiyam na kasuwanninmu, a Kano da Kaduna da Jos har Maraɗi da Damagaram, hanyar nan suke bi. Sukan narka tsofaffin kayan injin mota da gwangwanaye, su zuba cikin mazubin ƙasa. Akwai wani abu da ke damun irin wannan zubi. Daskararren alminiyam ba ya iya riƙe baƙin ƙarfe a sahunsa sai ɗan mitsitsi, wajen kashi 5 cikin 10,000. Narkin kuwa yana kwasar baƙin ƙarfe daga kusoshi da ke jikin tarkacen, har daga tukunyar narkin kanta. Da yake ƙasa tana hucar da shi a hankali, baƙin ƙarfen nan da aka ture yakan sami lokaci ya haɗu da alminiyam da silikon, su yi wasu faya-fayai masu gautsi waɗanda a madubi suke kama da allurai. Shi ya sa tukunyar zubi in ta faɗi a kan dutse takan tsage, alhali kwanon alminiyam na kamfani lotsawa kawai yake yi. Ba ma faɗin wannan don mu rage darajar masu zubi. Tukwanensu ne ke dafa abincin ɗakin cin abincinmu da na kowane taron ikkilisiya, kuma da abin da wasu suka zubar suke yin su. Muna so ne ɗalibi ya gane cewa tsagewar tana da dalili, dalilin kuma ana iya ganinsa.

Tun kafin a san ƙwayar zarra, wasu sun gane amfanin saurin hucewa. A 1803 Robert Ransome, mai zubin ƙarfe a garin Ipswich ta Ingila, ya yi rajistar wata dabara ta zuba bakin garma a mazubin da gefensa ɗaya ƙarfe ne mai sanyi. Ƙarfen zubi yana da kabon wajen 3 cikin 100. Inda ya huce a hankali, kabon yakan ware ya zama ɓarɓashi mai laushi irin na bakin fensir, ƙarfen ya fito toka-toka mai sauƙin ci. Inda ya taɓa sanyin ƙarfe kuwa, kabon ba ya samun zarafin warewa, sai ya tsaya haɗe da ƙarfen, wurin ya fito fari fat mai tsananin tauri. Garmar Ransome ƙasanta tauri, samanta laushi. Ƙasa tana cin saman fiye da ƙasan, sai bakin ya riƙa wasa kansa yana cikin aiki. Kamfanin da ya kafa shi ne daga baya ya riƙa ƙera garmar shanu mai suna Emcot, wadda manoman Arewa suka sani sarai.

A nan sai mu ja kunnen 'yan ajin ƙarshe. Sa'ad da maƙeri ya fid da adda ja wur daga wuta ya tsoma ta a ruwa, wannan ba daskarewa ba ce, gama addar ba ta narke ba. Sahun da ke cikin daskararren ƙarfe ne ya sāke tsari. Abubuwan biyu dangi ne, a dukansu an hana kabon lokacin tafiya, amma kada ku haɗa su a takardar jarrabawa.

Digiri miliyan ɗaya a sakan

Abin da masana ke kira saurin daskarewa na ainihi ya fara ne a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya a Amurka. Wani farfesa haifaffen Beljiyam, Pol Duwez, da abokan aikinsa Willens da Klement, suka ƙera wata na'ura mai kama da bindiga. Sukan narka ɗan ɗigon gami, su harba shi da ƙarfin iska a kan farantin jan ƙarfe mai sanyi. Ɗigon ya baje ya zama ɗan ɓawo mai kaurin 'yan maikuromita, zafinsa ya zube da saurin da ya kai wajen digiri miliyan ɗaya a sakan. Watau kafin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ya wuce, an gama komai.

A 1960 suka ba da rahoton abubuwa biyu. Na fari game da azurfa da jan ƙarfe ne. Waɗannan biyu suna gauraya sarai in suna narke, amma in suka daskare a hankali sai su rabu, tsabar mai yawan azurfa dabam, mai yawan jan ƙarfe dabam. Ko a mafi kyaun hali azurfa ba ta riƙe jan ƙarfe fiye da wajen 9 cikin 100. Da bindigar Duwez kuwa, kowane gwargwado aka gama, sai su daskare a sahu ɗaya. Dalili shi ne, a zubin ƙasa bakin daskarewa yana rarrafe ne, bai kai milimita ɗaya a sakan ba, baƙuwar ƙwaya tana da lokacin kaucewa. A nan kuwa yana gudun mita guda ko fiye a sakan, sai ya rutsa da ita ya binne ta inda take. Da wannan dabara aka yi gamin alminiyam mai baƙin ƙarfe wajen 8 cikin 100, inda abin da zai zama allurai a tukunyar zubi ya zama ƙananan ɗigo birjik, masu ƙara wa gamin ƙarfi ko a cikin zafi. Abin da yake aibu a wannan sauri ya zama amfani a wancan.

Na biyun ya fi ban mamaki. Suka gama zinariya da silikon, ƙwayar zinariya 75 a kan ta silikon 25, suka harba. Da aka haska ɓawon da hasken eksire, wanda ke nuna jerin sahu, sai aka ga babu sahu ko ɗaya. Ƙwayoyin sun sandare a yamutse, yadda suke a ruwa. In muka koma filin taron safe, kamar an busa usur ne ana tsakiyar wasa aka ce kowa ya tsaya cik inda yake. Wannan shi ne gilashin ƙarfe na farko da aka samu daga narki, ɗan'uwan baƙin dutsen nan da muka ce ku riƙe. Kada sunan ya ruɗe mu. Ba a hangen abu ta cikinsa, yana ƙyalli, yana ɗaukar lantarki kamar sauran ƙarafa. Rashin sahu ne ya sa aka kira shi gilashi.

Ba a banza suka dace da wannan gami ba. Zinariya tana narkewa a digiri 1064, silikon a 1414, amma gaminsu mai silikon wajen 19 cikin 100 yana narkewa a 363 kacal. Narkin da ke zama ruwa har zuwa wannan ƙaramin zafi, ƙwayoyinsa sun riga sun yi nauyin jiki kafin lokacin kafa sahu ya zo. Ga shi kuma girmansu ba ɗaya ba ne, jera su yana da wuya. Zallan ƙarfe kuwa, da yake ƙwayoyinsa duk tsara ne, nan da nan yake kafa sahu, mai da shi gilashi yana da wuyar gaske.

Ɓawon Duwez ba ya aikin komai, bai ma daɗe ba ya soma komawa tsaba da kansa. Sai a shekarun 1970 aka sami hanyar yin abin da yawa. Akan feso narki ta wata siririyar kafa a kan gargaren jan ƙarfe mai juyawa, wanda bakinsa ke gudun wajen kilomita 100 a awa. Narkin yana taɓa shi ya daskare ya fita kamar zaren kaset, kaurinsa wajen maikuromita 25, watau sulusin gashin kai. Kamfanin Allied Chemical na Amurka ya sa wa nasa suna Metglas. Dole ne ya zama siriri, domin zafin da ke tsakiya sai ya ratsa kauri kafin ya fita. In aka ninka kaurin biyu, saurin hucewa yana iya faɗuwa har sau huɗu.

A ganinmu babban amfaninsa yana cikin taransifoma, irin wadda ke bakin kowace unguwa. Cikinta akwai ƙarfen da maganaɗisunsa ke juyawa gaba da baya sau 50 a kowane sakan. Kowace juyawa tana cin ɗan lantarki ta mai da shi zafi, dare da rana, ko da ba wanda ya kunna fitila. Iyakokin tsaba da jerin sahu suna cikin abubuwan da ke wahalar da wannan juyawa. Gilashin ƙarfe da aka yi da baƙin ƙarfe wajen 80 cikin 100 na ƙwayoyinsa, sauran boron da silikon, ba shi da ko ɗaya, ga shi siriri. Taransifomar da aka naɗa da shi takan rage wannan hasara da kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100. An soma kafa irinsu a Amurka a shekarun 1980, daga baya Indiya da Sin suka kafa da yawa. Suna da nasu nauyi: sun fi girma, sun fi tsada a wurin saye, zaren kuma yana da wuyar yanka. Amma ƙasar da lantarkinta bai ishe ta ba, bai kamata ta raina wutar da ke ƙonewa a banza a kan turke ba.

Da gargaren nan kuma John Croat da abokansa na kamfanin General Motors suka yi maganaɗisu na niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron a farkon shekarun 1980, mai tsaba da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na maikuromita ba. A daidai lokacin Masato Sagawa na Japan ya kai ga gamin ta wata hanya dabam. Danginsa ne ke cikin ƙananan injuna da lasifikar wayoyin hannu.

Sahun da aka ce ba zai yiwu ba

Akwai wani labari da ba ma so mu tsallake. Ranar 8 ga Afrilu 1982, wani masani daga Isra'ila, Dan Shechtman, yana aiki a wani ɗakin gwaji na gwamnatin Amurka kusa da Washinton. Yana duban gamin alminiyam da manganis da aka daskarar da sauri, sai na'urarsa ta nuna masa zoben ɗigo goma goma. A ka'idar da kowa ya koya a lokacin, sahu mai maimaita kansa yana iya zama mai fuska 2 ko 3 ko 4 ko 6, amma ban da 5 ko 10. Ku gwada shimfiɗa daɓen ɗaki da fale-fale masu kusurwa biyar daidai, za ku ga dole a bar giɓi. Abin da Shechtman ya gani tsari ne sosai, ba yamutsi irin na gilashi ba, amma tsarin da ba ya maimaita kansa.

Sai a 1984 aka buga bincikensa. Manya sun yi masa ca, har da Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel sau biyu, kuma bai yarda ba har ya rasu a 1994. Amma wasu ɗakunan gwaji suka maimaita aikin suka ga abin da ya gani. A 1987 masana a Japan suka sami irin wannan tsari a gamin alminiyam da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ko da an bar shi ya huce a hankali, aka tabbata ba ruɗin sauri ba ne. A 1992 ƙungiyar masanan wannan fanni ta duniya ta sāke ma'anar da take ba tsaba mai tsari, a 2011 kuma Shechtman ya karɓi kyautar Nobel.

Inda dabarar ta tsaya

Duk abin da aka samu ta hanyar sauri, a tsare yake, ba a zaune ba. Ƙwayoyin suna nan suna jiran zarafi. In aka ɗumama gilashin baƙin ƙarfe zuwa wajen digiri 500, sai su motsa su kafa sahu, ya koma tsaba, sau da yawa ya yi gautsi. Wannan ne ya sa haɗa siraran zare ko garin ƙarfe su zama babban abu yake da wuya, gama haɗawar tana son zafi, zafin kuwa yana rushe abin da aka wahala aka samu. Masana sun zaga ta wata hanya, suka nemi gamin da ƙwayoyinsa suka bambanta ƙwarai har ba sa iya jeruwa da wuri. Akihisa Inoue ya yi aiki mai yawa a kan haka a Jami'ar Tohoku ta Japan. A 1993 kuma Peker da Johnson, a cibiyar da Duwez ya yi aiki, suka ba da rahoton gamin ƙarafa biyar wanda ke zama gilashi ko da yana hucewa wajen digiri ɗaya a sakan, har ana iya zuba shi sanda mai kauri. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma in aka ja shi ya kai iyaka yakan tsinke farat ɗaya ba gargaɗi, shi ya sa ba a gina gada da shi.

Kusa da gida, duk mai walda yana wannan aiki ko bai sani ba. Ɗan tafkin narkin da ke bin bakin sandarsa yana zaune ne a kan ƙarfe mai sanyi, yana daskarewa cikin ƙiftawar ido, da 'yan rassansa da komai. Injunan da ke gina kayan ƙarfe daga gari da hasken leza, shimfiɗa a kan shimfiɗa, saurin hucewarsu yakan kusanci na bindigar Duwez, rassan alminiyam ɗinsu ba su kai maikuromita ɗaya ba.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a hutu. Ba mu yarda ɗalibi ya narka dalma ko wani ƙarfe a gida ba. Dalma guba ce, narkakken ƙarfe kuma in ya taɓa danshi yakan yi bindiga ya fantsama a fuska. A maimakon haka ku sayi alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Ku narka shi a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ku tace, ku raba biyu. Kashi ɗaya ku zuba a kwalba mai ɗumi, ku naɗe ta da tsumma, ku ajiye inda ba mai taɓawa har kwana biyu. Ɗayan ku zuba a faranti marar zurfi, ku ɗora a kan ruwan ƙanƙara. Wannan fita ce daga ruwa, ba daskarewar narki ba, amma dokar iri da lokaci ɗaya ce. A faranti za ku sami gari kamar gishiri. A kwalba za ku sami 'yan tsaba manya masu sheƙi, waɗanda suka fi kyau a cikinsu masu fuska takwas. In farantin ya yi sanyi amma ya ƙi fid da komai, ku jefa ɗan ƙwayar alif guda ciki ku zuba ido. Wanda ya yi gwajin ya zo da duka biyun ɗakin gwaji a makon farko na sabon zango, mu auna su a ƙarƙashin madubi.